Farin tabo a fuskar ƙanwata, dangin miji sun ce kuturta ce

Maman Biyu, Rikkos, Jos: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, a yi mini afuwa in na tsawaita. Ƙanwata ce, shekarunta 23, an sa mata rana bayan babbar salla. Tun bara wani farin tabo ya fito mata a gefen baki, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar dawa, muka ce ƙyasfi ne. Yanzu ya kai faɗin kwabo, wani ya fito a fatar ido, wasu a kan yatsu. Ba ƙaiƙayi, ba zafi, ba ruwa. Ranar Asabar gwaggon angon ta zo gaisuwa, ta ƙura mata ido, ko ruwan da aka kawo mata ba ta taɓa ba. Jiya sai ga saƙo wai a dakata da maganar lefe, sun ji an ce kuturta ce. Yarinyar nan ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. Dama kwanakin nan ba ta da kuzari, kullum barci, kullum cikin rigar sanyi har da rana tsaka. Wanda ya san abin nan don Allah ya taimaka.

Hajiya Kaka: Wa alaikumus salam. Wannan ai albaras ne 'yata, mun san shi tun muna yara. Ki tambaye ta ko ta haɗa kifi da nono. Iyayenmu ba su hana a banza ba.

Ɗan Gangare: Hajiya, da kifi da nono ke kawo shi, ai da rabin mutanen Yawuri da Baga sun zama dabbare-dabbare.

Hajiya Kaka: Yaro man kaza. Ni dai na faɗi abin da na taso na ji.

Mai Kemis, Titin Bauchi: Maman Biyu, ki kankare wurin da farce a hankali. In ya yi ɗan gari kamar dusa, ƙyasfi ne, naman gwari ne kawai, kuma ya fi kama ƙirji da baya da wuya. In bai yi ba, akwai wani man haɗi uku da muke bayarwa, yana yi wa mutane aiki.

Nas Mai Aikin Dare: Malam mai kemis, rabin farko na maganarka daidai ne, rabin ƙarshe kuwa a'a. Man haɗin nan akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki. A shafa shi a fatar ido wata da watanni ba tare da likita ya gani ba, fata ta yi sirara, jijiyoyi su fito, har idon kansa yana iya taɓawa. Don Allah kar a saya.

Maman Biyu, ga abin da za ki yi yau kafin ki kwanta. Ki samu auduga, ki sa ta rufe ido, ki riƙa taɓa kan tabon da kuma lafiyayyar fata, ta nuna miki duk inda ta ji. Tabon kuturta ba ya jin taɓi sosai, don cutar jijiya take ci, kuma ba ya yin fari fat, sai dai ya koɗe ko ya yi ja-ja. Albaras kuwa fari ne tas kamar madara, kuma tana jin komai a kansa. Wannan bai maye gurbin asibiti ba, amma zai sa ku yi barci.

Maman Biyu, Rikkos: Na gwada yanzun nan. Tana ji sarai, har dariya ta yi, rabon da in ji dariyarta tun Asabar.

Likita a Abuja: Sannunku da dare. Ni ɗan Dilimi ne, aiki ya kawo ni nan. Ban ga yarinyar ba, saboda haka ba zan yanke hukunci ta waya ba, amma yadda Yaya Maman Biyu ta kwatanta, gefen baki, fatar ido, kan yatsu, fari fat, ba ɓawo, ba mutuwar fata, wannan kamannin abin da muke kira bitiligo ne, albaras ɗin da Hajiya ta ambata. Sunan dai Hajiya ta samu, kifi da nonon ne babu ruwansu.

A cikin fatar kowa akwai wasu ƙwayoyi da aikinsu rini ne, su ke yin sinadarin melanin da ya ba mu baƙinmu. Ku ɗauke su kamar masu aiki a marina. A albaras, garkuwar jiki, wato fararen ƙwayoyin jinin da aka halitta don yaƙar cuta, su ne suke kuskure su far wa marinan nan su kashe su. Inda aka kashe su sai fata ta fito ba rini. Ba ƙwayar cuta ba ce ta shigo daga waje, don haka ba a ɗauka ta kofi, ta tufafi, ta shimfiɗa ko ta zaman aure. Kusan mutum ɗaya cikin ɗari ke da ita a duniya, baƙi da fari, a jikinmu ne dai ta fi fitowa fili. Kusan rabin masu ita kuma kafin su kai shekara 20 take fara musu.

Amma ni ba tabon ne ya tsaya mini a rai ba. Layin ƙarshe na saƙonki ne. Barcin nan da jin sanyin, tun yaushe? Ta yi ƙiba? Gashinta fa? Al'adarta na zuwa daidai?

Ɗan Gangare: Likita, Abuja ta sa ka manta gida ne? Wa ba ya jin sanyi a Jos?

Maman Biyu, Rikkos: Abin da muka ce kenan, sanyin Jos ne. Amma gaskiya ko a watan Maris da kowa ke kukan zafi ita tana cikin suwaita. Ta yi ƙiba alhali ba ta wani cin abinci, har tsokanarta muke wai kwanciyar hankalin amarci ne. Gashi kam mai kitso ta yi ta ƙorafi yana zuba. Maganar al'ada sai na tambaye ta a keɓe.

Likita a Abuja: To kin ga inda nake nufi. Garkuwar da ta yi kuskure a wuri ɗaya tana iya maimaita shi a wani wuri, kuma wurin da ta fi yawan taɓawa a jikin mai albaras shi ne tayirod, halittar nan ta gaban wuya da in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Ita ke daidaita saurin aikin jiki gaba ɗaya. In garkuwa ta lalata ta a hankali, wanda ake kira cutar Hashimoto, komai sai ya yi sanyi: kasala, barci, jin sanyi, ƙiba, taurin bayan gida, zubar gashi, bushewar fata, rikicewar al'ada. In kuma zuga ta ta yi, cutar Graves kenan, sai a ga akasin haka: rama, zufa, bugun zuciya, rawar hannu, wani lokaci idanu su firfito. Mata sun fi maza kamuwa da duka biyun.

Ku kai ta a duba wuyanta a yi mata gwajin jini na TSH, wanda ke nuna yadda tayirod ke aiki. Wannan ya fi lefe gaggawa, don yarinyar da za ta yi aure ce. Tayirod da ta yi ƙasa ba a kula ba tana kawo jinkirin samun ciki, tana kawo ɓari, tana taɓa ƙwaƙwalwar jariri a ciki. Alhali maganinta ƙwaya ɗaya ce da safe kafin karin kumallo.

Hajiya Kaka: Maƙoƙo ba rashin gishiri ne ke kawo shi ba? Da can a ƙauyukan kan dutse mata da yawa na da shi, yanzu ya ragu.

Likita a Abuja: Gaskiyarki Hajiya, wancan na rashin aidin ne, shi ya sa aka wajabta zuba aidin a gishirin da ake sayarwa a ƙasar nan, ya kuma ragu ƙwarai. Wannan da nake faɗa daban ne, ko mutum na cin gishiri mai aidin yana iya samunsa, kuma ba lallai wuya ya kumbura ba.

Baban Khalifa: Ku yi haƙuri zan faɗi abin da ba a son ji. Kowa ya taru a kan dangin ango kamar sun yi saɓo. In ɗanka ne fa? Likita da bakinsa ya ce ga tayirod, ga ɓari. Ashe kenan ba fata kaɗai ba ce. Kuma ba ana gadonta ba? Mutum ya auri mace ta cika masa gida da zabiya?

Nas Mai Aikin Dare: Baban Khalifa, ka haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Zabiya da haka ake haihuwarsa, sai uwa da uba dukansu suna ɗauke da irin a jininsu, ko da su baƙaƙe ne wuluk. Shi marinan suna nan a fatarsa, rinin ne ba sa iya yi, kuma babu ruwan garkuwar jiki a ciki. Matsalarsa raunin gani da kansar fata saboda rana. Mai albaras ba ta fi matarka kusa da haihuwar zabiya ba.

Likita a Abuja: Tambayar gado tambaya ce mai kyau, kar a hantare shi. Akwai gado a ciki, amma ba irin na sikila ba da za a lissafa maka ɗaya cikin huɗu. Abin da ake gada shi ne saukin kamuwa da ire-iren cututtukan garkuwa, shi ya sa a dangi ɗaya za ka ga wannan na da albaras, innarsa na da tayirod, wani na da ciwon suga tun yana yaro. An bincika tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda halittarsu guda ce, aka ga in Hassan na da albaras, kashi 23 cikin 100 ne kawai Husaini ma yake da shi. Mafi yawan 'ya'yan masu albaras ba sa samunsa.

Baban Khalifa: Na ji. Amma dai haƙƙinsu ne su sani.

Malamin Islamiyya, Unguwar Rogo: A nan Baban Khalifa yana da gaskiya. A mazhabar Malikiyya baras, wato albaras ɗin nan, na cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓi in an ɓoye kafin ɗaurin aure, tare da hauka da juzam. In an sani aka yarda, zaɓi ya faɗi. Ku lura malamai sun ambaci baras daban, juzam daban. Juzam shi ne kuturta. A addu'ar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake neman tsari ma an jero su daban-daban. Mu ne a wajen fassara muke tattara su mu ce kuturta, har abin ya zauna a kan mutane.

Zaɓi kuwa ba ya nufin ƙyama. Uwaisul Ƙarni ya yi baras, ya warke sai wuri kamar faɗin dirhami, da wannan tabon ma aka siffanta shi, kuma shi ne Annabi ya ce wa Sayyidina Umar in ya haɗu da shi ya nemi ya roƙa masa gafara. Ƙin shan ruwan gidan mutane dai ba shi da madafa.

Maman Grace, Tudun Wada: Malam, mu ma haka abin yake a wajenmu. Inda aka fassara kuturta a Tsohon Alkawari, masana sun ce kalmar asali ta ƙunshi cututtukan fata iri-iri. Maman Biyu ina tare da ku, maƙwabciyata haka aka yi mata a kasuwar Taminus, aka daina sayen awararta.

Direban Tasha: Ni nake da shi, shekara goma sha ɗaya kenan. Bari in faɗa muku kuskurena don kar ku maimaita. Da ya fara mini a hannu, aka kai ni wajen wani mai magani a wani ƙauye, ya yi mini tsaga ya shafa wani baƙin abu mai ƙuna. Wallahi duk inda aska ta bi, da ya warke sai ya fito fari, layi-layi kamar zanen ƙwarya. Na je da tabo biyu na dawo da goma sha. Daga baya likita ya gaya mini haka cutar take, in tana tashe duk inda fata ta ji rauni ko ta gogu sai ta bi wurin. Har inda madaurin agogo ke matse ni ya yi fari.

Ni sugana lafiya, wuyana lafiya, ana auna mini duk shekara. Abin da ya kama ni ƙarancin jini ne da tafin ƙafa kamar ana soka mini allura. Na sha maganin ƙarin jini kwalba ba adadi a banza. Ashe garkuwar ce ta taɓa mini ciki, jikina ba ya iya tsotsar bitamin B12 daga abinci. Yanzu allura ake mini, ƙafar ta lafa. Ina da mata da 'ya'ya huɗu, ba wanda ya fito da ko ɗigo.

Fasinja dai har yau akwai mai ajiye mini kuɗin mota a kan kujera don kar ya taɓa hannuna. Ni kuwa in dai kuɗin sun cika ba na magana.

Ɗan Gargajiya: Kullum sai an zagi maganin gargajiya. Wanda ya yi wa direba tsaga jahili ne, amma Turawan ma ai daga itace suka samo nasu.

Likita a Abuja: Ba ka yi ƙarya ba. Misirawa sun daɗe suna shafa wani tsiro na bakin Nilu su shiga rana don albaras, kuma a ƙarshen shekarun 1940 wani likitan fata a Alƙahira, El Mofty, ya yi aiki da sinadarin da aka tace daga cikinsa. Daga nan maganin haska fata da fitila ya samo asali. Sai dai sinadarin nan in ya yi yawa aka shiga rana, ƙuna yake yi har da bororo, ƙunar kuma ta haifi sabon tabo. Rigimarmu da ku a kan awo take.

Abin da ake yi yanzu: man sitiroyid na ɗan lokaci a ƙarƙashin kulawa, ko man takrolimus wanda ya fi dacewa da fuska, ko a riƙa haska fata da wata fitila ta musamman sau biyu ko uku a mako na tsawon watanni. A 2022 Amurka ta amince da wani sabon mai, ruksolitinib, da ke toshe saƙon da ke kiran sojojin jiki zuwa fata, amma tsadarsa ba ta talaka ba ce. Launi yakan dawo ne ɗigo-ɗigo daga gindin gashi, don a nan ragowar marinan suke ɓuya. Shi ya sa fuska ta fi jin magani, kan yatsu da leɓe kuwa suna da taurin kai. Kar wanda ya yi muku alkawarin warkewa cikin mako biyu.

Anti Mai Kayan Kwalliya: Tambaya don Allah, kar a ce na kare sana'ata. Man bilicin na kawo shi? Kuma amarya ce, za a yi mata dilka da lalle.

Nas Mai Aikin Dare: Anti, wasu sinadaran na kashe ƙwayoyin launi kai tsaye. A Japan a 2013 kamfanin Kanebo ya janye mayukansa na hasken fata daga kasuwa bayan dubban mata sun fito da fararen tabo. Namu na kasuwa da ake haɗawa a roba ba suna, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Baƙin lallen nan mai kamawa cikin minti kaɗan shi ma akwai sinadarin rinin gashi a ciki, yana ƙona wasu, wurin ya warke da fari. Jan lalle na ganye ba shi da wannan matsalar. Dilka kuwa gurzar fata ce, ki tuna labarin agogon direba.

Maman Biyu, Rikkos: Innalillahi. Wata uku kenan tana shafa wani haɗi da ƙawarta ta kawo mata, wai in sauran fuskar ta yi haske tabon zai ɓace a ciki. Yanzu zan je in ɗauke shi.

Tsohon Ma'aikacin Lafiya, Bukur: Ina karantawa tun ɗazu. Ƙari kaɗan daga tsoho. Ba kowane fari ne albaras ba. Mu da muka yi rabon Mectizan, maganin makantar rafi, a ƙauyuka tare da Cibiyar Carter da ke nan Jos, mun ga dattawa da ƙwaurinsu ya yi dabbare-dabbare kamar fatar damisa. Wannan tsutsar makantar rafi ce da baƙin ƙuda ke yaɗawa. An ci ƙarfinta har aka daina rabon maganin a Filato da Nasarawa a 2018, amma tabon na nan a ƙafar tsofaffi. Ita kuturtar ma da ake gudu, tana warkewa da magani na wata shida ko shekara ɗaya, kyauta ake bayarwa, kuma da an fara sha mutum ya daina yaɗawa. Ko da ita ce, gwaggon nan ba ta da hujja.

Ɗan Gangare: Michael Jackson ma ashe albaras ne, muna yara muna cewa fata ya canza don ya zama Bature.

Likita a Abuja: Albaras ne. Ya faɗa da bakinsa a 1993, binciken gawarsa kuma ya tabbatar. Ranar da ya rasu, 25 ga Yuni, ita aka mayar ranar albaras ta duniya, kuma a Legas aka fara taron a 2011, wata 'yar Nijeriya mai cutar, Ogo Maduewesi, ita ta assasa.

Yaya Maman Biyu, in kun je ki gaya wa likita komai, har haɗin da take shafawa, ki tafi da robar. Ki faɗi in akwai mai tayirod ko mai sugan yara a dangi. In tana yawan ƙishirwa da fitsari a auna suga. In akwai jiri, kwaɗayin gishiri, ko dasashi da layin tafin hannu suna ƙara baƙi, ki ambata, don akwai wata halitta a saman ƙoda da garkuwa kan taɓa, ba kasafai ba amma tana da haɗari. Ba cewa nake tana da waɗannan ba, yawancin masu albaras tabon ne kawai. Sannan rana: Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, iska mai sanyi ce ke ruɗin mutane, amma ranar tana ƙona wurin da ba launi. Ta riƙa rufewa ko ta shafa man kariya. A JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, akwai masu duba fata.

Maman Biyu, Rikkos: Salam 'yan zaure, na dawo da bayani bayan kwana tara. Likitar fata ta haska ta da wata shuɗiyar fitila a ɗaki mai duhu, ta ce albaras ne, ta rubuta a takarda cewa ba kuturta ba ce kuma ba a ɗauka. Gwajin wuya ya fito, tayirod ɗinta ta yi ƙasa sosai. Suga lafiya. An ɗora ta a kan ƙwaya, za a sake awo bayan mako shida. Da Mama ta ji sai ta ce ai ƙanwarta da ke Bauchi irin ƙwayar take sha shekara da shekaru, mu ba mu taɓa sani ba.

Angon ya zo da kansa ya karɓi takardar ya kai gida. Shi ya ce yana nan a kan bakansa. Mahaifinsa ya ce a ba shi lokaci. Gwaggo ba mu ji daga gare ta ba.

Baban Khalifa: Kun kyauta da kuka ba su takardar. Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Hajiya Kaka: Allah ya ba ta lafiya. Amma dai ta bar kifin nan da nono, ba abin da zai rage ta.

Maman Biyu, Rikkos: Amin Hajiya, ita ko kifin ma ba ta ci. Likita, tambaya ɗaya ta rage: an ce ta sha ƙwayar da sassafe ba komai a cikinta, ga shi tana son ta rama azumin da ake binta kafin biki. Ta sha kafin sahur ko bayan buɗa-baki?

Likita a Abuja: Ta tashi da wuri ta sha da ruwa zalla, ta jira aƙalla rabin awa kafin ta ci sahur. Kar ta haɗa ta da shayi mai madara ko maganin ƙarin jini. Ta kuma gaya wa likitarta in sun koma awo.